Sunan Aro da Labarin Saye: Hoton Ɗan Ci-rani a Finafinai Biyu

1.0 Gabatarwa

A darasin fassara na zangon karatun da ya wuce, na ba 'yan aji uku wani guntun labari na Faransanci game da samarin da ke kai wa mutane abinci gida-gida a kan keke a birnin Paris. Labarin ya ambaci mutane iri uku: masu takardar zama, da masu jiran amsar neman mafaka, da kuma waɗanda ba su da takarda ko ɗaya. Da aka kawo mini aikin sai na tarar kusan kowa ya tattara su wuri ɗaya ya kira su "baƙin haure". Ban ga laifin ɗaliban ba, domin kuwa abin da kunnensu ya saba ji ke nan a gidajen rediyo safe da yamma. Sai dai kalmar ta zo da hukuncinta a goye. Haure shi ne inda ganuwa ko katanga ta zube har mutum yake iya tsallakawa ba tare da ya bi ta ƙofa ba, don haka duk wanda aka kira baƙon haure an riga an ce ya shigo ta inda ɓarawo ke shigowa. Ita kuwa tsohuwar kalmarmu ta "cin rani" ba ruwanta da ƙofa ko katanga, lokaci kawai ta sani, wato manomi ya gama girbi, ya tafi neman abin rufin asiri kafin ruwa ya sauka. A wasu sassan Nijar "biɗa" ake cewa, ita ma dai neman ce.

Manufar wannan takarda ita ce ta dubi tazarar da ke tsakanin waɗannan kalmomi ta hanyar nazarin finafinai biyu da shekara 66 ke tsakaninsu. Na farko shi ne Moi, un noir, wato "Ni, baƙin mutum", na Jean Rouch, wanda ya fito a 1958 a kan 'yan Nijar masu ci-rani a Abijan. Na biyu shi ne L'Histoire de Souleymane, wato "Labarin Sulaimanu", na Boris Lojkine, wanda ya fito a 2024 a kan wani ɗan ƙasar Gini mai kai abinci a Paris. Duka biyun Faransawa ne suka shirya su, duka biyun kuma tauraronsu ɗan ci-rani ne na gaske. Abin da nake son nunawa shi ne, kayan da ke bisa kafaɗar ɗan ci-rani kusan nauyinsu ɗaya ne jiya da yau, amma matsayin sunansa ya sauya. A fim na farko ana aron suna don a yi mafarki da shi, a na biyu kuwa hayarsa ake yi don a ci abinci. Wannan sauyi shi ke yanke irin aikin da mutum zai yi, da inda zai kwana, da abin da zai yi in ya ji rauni.

2.0 Treichville: Suna don Mafarki

Rouch ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, daga baya ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim, kuma a Nijar ɗin ajali ya same shi cikin haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. A shekarun 1950 ya duƙufa wajen bin sawun 'yan Nijar masu gangarawa Gana da Kwaddibuwa neman aiki. Abijan a lokacin gari ne mai tashe. An haramta aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka a 1946, an buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950 wanda ya ba manyan jirage damar shigowa har bakin gari, tashar jiragen kuma tana neman masu dako. Muhimmin abin lura a nan shi ne, ɗan Nijar da ya sauka Abijan bai tsallake iyakar wata ƙasa ba, domin Nijar da Kwaddibuwa duk suna cikin tarayya ɗaya ce, ta Afirka ta Yamma ta Faransa. Talaka ne, baƙo ne, amma babu wanda zai ce ya hauro.

A can ne Rouch ya haɗu da Umaru Ganda, Bazabarme haifaffen Yamai a 1935, wanda ya shiga sojan Faransa yana ɗan shekara 16, ya yi yaƙin Indocina, ya dawo gida bai sami aiki ba, ya gangara Abijan yana dako. Na'urar da Rouch ya yi aiki da ita ba ta ɗaukar murya tare da hoto. Saboda haka sai da aka gama haɗa hotunan, sannan aka zaunar da Ganda yana kallo yana magana a kansu, wani lokaci yana ba da labari, wani lokaci yana magana da bakin wanda ke cikin hoton, wani lokaci kuma yana gunaguni shi kaɗai. Rashin kayan aiki ne ya haifar da wannan salo, amma shi ne ya zama ƙarfin fim ɗin, har ya sami kyautar Louis-Delluc a 1958.

Ta fuskar zubi, an tsara fim ɗin bisa kwanakin mako: ranakun aiki, da Asabar, da Lahadi, sannan Litinin. Kowane tauraro ya ari suna daga finafinan Turawa da ake nunawa a silimomin unguwar Treichville. Ganda shi ne Edward G. Robinson, abokinsa mai tallan atamfa shi ne Eddie Constantine, direban tasi shi ne Tarzan, yarinyar da Robinson ke so kuma Dorothy Lamour. Babu wanda ya tilasta musu waɗannan sunaye, kuma babu wanda suke biya. Laƙabi ne irin na samari, kamar yadda yaro a unguwa kan ɗauki sunan ɗan ƙwallo. In an zo ɗaukar leburori a bakin ƙofa da safe, ƙarfin mutum ake dubawa, ba a tambayar ko shi ne Robinson ko Umaru.

Abin da fim ɗin ya nuna game da aiki ya nuna shi da kyau: tsayuwar jira a bakin ƙofar kamfani, da ɗaukar aikin yini wanda ba ya da tabbacin gobe, da buhuna bisa wuya, da tsakar rana lokacin da masu hali ke hayewa gada cikin mota su je gida cin abinci, leburori kuwa su miƙe a gefen titi su yi barci. Muryar Ganda a waɗannan fitowa tana da ɗaci da ba'a a lokaci guda, kuma da Faransancin barikin soja da bakin tasha take fita, wanda ya kamata ɗalibin harshe ya saurara da kunnen basira. To amma da zarar an shiga Asabar, sai fim ɗin ya saki aiki ya kama shaƙatawa: wanka a bakin teku, da dambe, da rawa, da mashaya. A ganina Rouch ya fi jin daɗin ɗaukar rawa a kan ɗaukar dako, kuma hakan ya rage wa fim ɗin wani abu. Ɗakin da samarin ke kwana leƙe kawai aka yi masa. Batun lafiya kuwa kusan babu shi. Ba mu ga abin da ke faruwa da ɗan dako ranar da bayansa ya riƙe ko zazzaɓi ya kayar da shi ba, alhali wanda ake biya kuɗin yini ranar ciwonsa ita ce ranar yunwarsa. Dukan da Robinson ya sha ma a hannun wani Ba'italiye ma'aikacin jirgi ne, a kan mace, ba a wurin aiki ba.

Ciwo ɗaya ne fim ɗin ya kama da hannu biyu, shi ne wanda ba a gani. A fitowar ƙarshe Robinson yana tafe a bakin ruwa da wani ƙaramin abokinsa, yana kwaikwayon yaƙin Indocina, yana faɗuwa ƙasa yana tashi, yana jefa gurnetin da babu shi a hannunsa. Mutumin da ya yi wa Faransa yaƙi a wata nahiya ga shi yana neman aikin yini. Wannan fitowa ita kaɗai ta isa a kalli fim ɗin saboda ita.

Kada a ɗauka zamanin nan na rashin takarda aljanna ce, kuma bai daɗe ba. A watan Oktoba na shekarar da fim ɗin ya fito, an far wa 'yan Dahomi da 'yan Togo a Abijan, dubbai suka bar ƙasar. A 1969 Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, Hausawa da Zabarmawa da yawa na cikin waɗanda abin ya shafa. A 1983 Nijeriya ta yi irin nata. A farkon shekarun 1990 Kwaddibuwa kanta ta ɗora wa baƙi katin zama. Wato tun kafin jikokin Robinson su fuskanci Turai, takarda ta riga ta zama ƙofa a nan gida Afirka.

3.0 Paris: Suna don Abinci

Labarin Sulaimanu kwana biyu ne kacal. Saura kwana biyu ya gurfana gaban jami'ar hukumar OFPRA, wato hukumar Faransa mai duba buƙatun neman mafaka, kuma a cikin kwanakin nan dole ya haddace labarin da zai faɗa mata, ya samo kuɗin da zai biya wanda ya sayar masa da labarin, ya kuma ci gaba da tuƙa kekensa. Babu kiɗa ko kaɗan a fim ɗin. Ƙarar motoci ce, da numfashin mai keke, da ƙarar wayar salula. Masu ɗaukar hoton ma a kan keke suka bi shi cikin cunkoson gari, shi ya sa mai kallo kan ji kamar shi mota za ta buge.

Abu na farko da ɗalibai za su lura da shi, wanda ya komo da mu ga darasinmu na fassara, shi ne Sulaimanu ba baƙon haure ba ne a idon doka. Mai neman mafaka ne, kuma yana da izinin zama har a yanke hukunci a kan buƙatarsa. Abin da ba shi da shi shi ne izinin aiki. Dokar Faransa ta hana mai neman mafaka aiki a wata shida na farko, bayan nan ma sai aikin albashi da izini na musamman. Tallafin da ake ba mutum ɗaya Yuro 6.80 ne a rana, da ƙarin 7.40 in hukuma ba ta ba shi masauki ba. Masu kai abinci kuwa kamfanoni ba su ɗauke su a matsayin ma'aikata ba, kowa ana lissafa shi a matsayin mai zaman kansa, kuma mai neman mafaka ba ya iya yin wannan rajista. To ina mafita? Sai ya yi hayar asusun wani. Emmanuel, wani ɗan Afirka ɗan'uwansa mai takarda, shi ke da asusun a manhajar kamfani. Sulaimanu ke tuƙi, kuɗin na shiga hannun Emmanuel, ya cire kuɗin hayarsa na mako, ya ba shi saura in ya ga dama.

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara, kuma Lojkine ya gina rabin fim ɗinsa a kan wannan gaskiya ba tare da wani ya tsaya yana wa'azi ba. Ana cikin aiki sai manhaja ta nemi hoton fuskar mai asusu, dole Sulaimanu ya bar komai ya ruga inda Emmanuel yake don a ɗauki fuskarsa. Mai gidan abinci ya shanya shi a waje yana jira, ba shi da bakin ƙorafi, domin lokacin jira ba a biyansa, kuma wanda zai kai ƙara sai ya fara faɗin sunansa. Ya kai wa 'yan sanda abinci a motarsu, suka lura sunan da ke waya ba nasa ba ne, suka ɗan ja shi da tambaya kafin su sallame shi. Fitowar ba ta da tsawo, ba a kuma taɓa shi ba, amma tsoron da ke fuskarsa ya isa. Daga ƙarshe aka rufe asusun, Emmanuel ya hana shi kuɗinsa, da ya matsa sai ya tunkuɗo shi daga matakala. Wace kotu zai je? A takarda Sulaimanu bai taɓa yin aikin ko sa'a ɗaya ba. Wannan kuwa ba ƙagen fim ba ne. A 2022 kamfanin Uber Eats ya rufe asusu kusan 2,500 a Faransa bisa zargin takardun bogi, masu kekuna suka yi zanga-zanga a Paris.

Akwai wani abu da fim ɗin bai bayyana ba wanda ya kamata mai nazari ya sani, domin shi ne ke nuna zurfin ramin. Daga 2012 har zuwa farkon 2025, babbar hanyar da ma'aikaci marar takarda ke bi ya sami izinin zama a Faransa ita ce ya tara takardun albashi na wasu watanni, ya nuna ya daɗe a ƙasar. Ko da sunan wani ya yi aikin, mai gidansa na iya rubuta shaida cewa wannan mutumin shi ne ya yi aiki da wancan suna. Mai wanke kwanoni da lebura a wurin gini suna da wannan 'yar ƙofa, ko da yake an ƙara ƙuntata ta a Janairun 2025. Mai keke ba shi da ita, domin ba shi da albashi, ba shi da mai gida, manhaja ce ke aikensa. Duk kilomitocin da ya tuƙa ba za su zama hujja ba.

Wajen makwanci fim ɗin ya yi abin da Rouch bai yi ba. Tun kafin gari ya waye ake ganin mutane a kan gadaje masu hawa biyu kowa da waya a kunne, suna kiran lamba 115, wato lambar neman masaukin gaggawa, don su kama gadon daren da ke tafe. Da dare kuma akwai motar da ke kwashe su zuwa masaukin a bayan gari, wanda ya makara ta tafi ta bar shi. Ke nan agogo biyu ke korar Sulaimanu, na manhaja da na motar dare, kuma ranar da ya tsaya neman haƙƙinsa ya rasa motar, a matakalar wani bene ya kwana. Gadon da sai an sake roƙonsa kowace safiya ba a kiransa gida. Mazaunin gidan haya na Treichville, duk da cunkoso da zafi, ya fi shi sanin inda zai sa haƙarƙarinsa gobe.

3.1 Jiki Magayi

Batun lafiya shi ne inda na fi yaba wa fim ɗin, kuma da shiru ya yi maganarsa. Mota ta buge Sulaimanu ya faɗi. Abin da ya fara dubawa da ya tashi shi ne jakar abincin, sannan ya hau keke ya ƙarasa, matar da ta yi odar kuma ta ƙi karɓa saboda ledar ta lalace. Bayan faɗuwarsa daga matakala ma ba mu gan shi a asibiti ba. Ya wanke jinin, ya sa farar riga, ya tafi ganawa da jami'a.

Mai kallo na iya zaton babu magani ne ga irinsu a Faransa. Akwai. Tun shekarar 2000 akwai tsarin AME da ke biya wa marar takarda kuɗin magani in ya yi wata uku a ƙasar kuma ba shi da hali. Mai neman mafaka yana shiga inshorar lafiya ta kowa da kowa, ko da yake tun 2020 baligi sai ya jira wata uku. Sashen gaggawa na asibiti ma ba ya korar mai rauni. Matsalar tana wani wuri. Yinin da aka yi a layin asibiti yini ne da ba a yi aiki ba. In an tambayi yadda aka ji raunin, amsar gaskiya tana tona aikin da doka ta hana. Inshorar haɗarin aiki kuma, in akwai ta, tana kan sunan mai asusu, wanda ƙafarsa lafiya lau take. Doka ta buɗe ƙofar asibiti, sunan haya ya tsaya a bakinta.

Na ga irin wannan da idona. Lokacin da nake karatu a Faransa na yi aikin hutu a ɗakin girkin wani gidan abinci, tare da wani bawan Allah ɗan Mali da muka yi wata uku muna kiransa da sunan da ba nasa ba. Ranar da tafasasshen mai ya zubo masa a hannu, tsumma ya naɗa ya koma bakin tukunya. Da na ce mu je asibiti sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, da wane suna?" Ni da ke da katin ɗalibi a aljihu ban sami abin ce masa ba.

4.0 Labarin a Bakin Wa?

Ana cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma duka finafinan biyu suna da'awar sun mayar da waƙar bakin mai ita. Ya kamata a auna wannan da'awa.

A Moi, un noir Ganda ne ke magana, amma Rouch ne ke buɗe kowane babi da muryarsa, shi ke gaya wa mai kallo su wane ne waɗannan samari da abin da ke damunsu, shi kuma ya zaɓi hotunan da Ganda zai yi magana a kai. "Ni" ɗin da ke cikin sunan fim ɗin ta mutum biyu ce. A wata muhawara da suka yi a 1965, Usman Sembene na Senegal ya zargi Rouch da ire-irensa da kallon 'yan Afirka kamar yadda ake kallon ƙwari, ko da yake ya ware wannan fim ya yaba masa, ya ce yana buƙatar ci gaba. Ganda da kansa ne ya kawo ci gaban. A ƙarshen shekarun 1960 ya shirya Cabascabo, labarin tsohon sojan Indocina da ya dawo gida, a 1972 kuma fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya zama na farko da ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu. Ya rasu a 1981. Ɗan dakon da aka ara wa makirufo ya ƙare da na'urar a hannunsa.

Lamarin Sulaimanu ya fi sarƙaƙiya, domin labari shi ne hajar da ake ciniki a cikin fim ɗin. Yarjejeniyar Janiba ta 1951 ta amince da mafaka ga wanda ake zalunta saboda launinsa, ko addininsa, ko ƙasarsa, ko rukunin jama'ar da ya fito, ko ra'ayinsa na siyasa. Talauci ba ya ciki, ciwon uwa ma ba ya ciki. Don haka wani ɗan ƙasarsu mai suna Barry yake sayar wa sababbin zuwa labarin da zai shiga ɗaya daga cikin waɗannan ramuka biyar. Na Sulaimanu shi ne wai ɗan jam'iyyar adawa ta UFDG ne da aka kama aka ɗaure. Yana tuƙi yana bitar ranaku da sunayen shugabanni kamar ɗalibi a daren jarrabawa, yana kuskure yana komawa farko. Ku lura da rabon harsuna a nan: da 'yan'uwansa da kuma a waya da mutanen gida harsunan Gini yake yi, a nan ne ake jin raha da fushi da soyayya, Faransanci kuwa na masu oda ne da 'yan sanda da haddar ƙarya.

A doguwar fitowar ƙarshe, jami'ar ta saurare shi, ta yi masa tambayoyi har haddar ta warware, sannan ta gaya masa cikin natsuwa cewa ta riga ta ji wannan labari daga bakin wasu, ta nemi ya faɗi nasa. Sai ya faɗa: uwa mai taɓin hankali da jama'a suka guje ta, da ɗa da ya fito neman abin da zai kula da ita, da azabar hanya ta hamada da Libiya. An gina wannan jawabi ne daga rayuwar Abu Sangare kansa, makanikin mota da ya iso Faransa yana yaro a 2017. Wasan da ya yi a nan ba shi da makusa, kuma fim ɗin ya ƙare ba tare da an gaya mana hukuncin hukuma ba, wanda shi ne daidai.

Duk da haka a nan nake da ja. Sama da sa'a guda fim ɗin yana nuna mana cewa wannan mutum ma'aikaci ne, garin na cin abinci daga guminsa, kuma wannan kaɗai ya isa ya ba shi haƙƙin lada da gado da magani. Sai a ƙarshe ya zaunar da mai kallo a kujerar jami'a, ya sa shi jiran "gaskiya", ya kuma biya shi da hawaye. Mai kallo na fita yana cewa wannan yaro ya cancanci a bar shi, saboda uwarsa. To wanda uwarsa ke lafiya fa? Wanda ya fito don kawai gona ba ta ciyar da gida, kamar Robinson, kamar dubban masu barin Tawa da Damagaram kowace kaka? Robinson bai taɓa ba kowa dalilin zuwansa Abijan don a tausaya masa ba. Ya yi fahariya, ya yi ƙarya, ya sha giya, ya nemi faɗa, kuma duk da haka ba mu yi shakkar cewa kuɗin yininsa haƙƙinsa ne ba. Sulaimanu kuwa an wanke shi tas: ba ya sha, ba ya cuta, yana taimakon tsoho, har budurwarsa ya sakar wa wanda ya fi shi hali. Ana iya kare Lojkine da cewa da gangan ya yi, don mai kallo ya ji a jikinsa irin kujerar da yake zaune a kai. Na yarda akwai wannan karatu, amma ban ga fim ɗin ya ba da isasshiyar alama cewa yana tuhumar kujerar ba. Jami'ar mai kirki ce, tambayarta kuma ita ce ta buɗe zuciyar tauraro, don haka tsarin da ke sayen labari da takarda ya fita da mutuncinsa.

Abin da ya biyo bayan fim ɗin ya ƙara wa wannan tuhuma nauyi. Lokacin da Abu Sangare ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasa a sashen Un Certain Regard na bikin Cannes a watan Mayun 2024, ba shi da takardar zama, an riga an ƙi buƙatarsa har sau uku, duk da cewa yana da sana'a a hannu da garejin da ke son ɗaukarsa. Sai a Janairun 2025 aka ba shi izinin shekara ɗaya, 'yan makonni kafin ya ci kyautar César. Makanikancinsa bai ƙaru ba tsakanin ƙin da amincewar. Labarinsa ne ya sami masu saurare.

Za a nuna finafinan biyu a ɗakin karatu na sashe kafin darasi na gaba. Kowane ɗalibi zai zaɓi fitowa ɗaya daga kowane fim ya bayyana ta da Hausa cikin shafi guda, ba tare da ya yi amfani da kalmar "baƙon haure" ba. Wanda ya ga ba makawa sai da ita, ya rubuta a ƙasan shafin wace katanga ce aka haura, kuma a wace shekara aka gina ta.